Rubutaccen Shirinmu Na Wannan Mako: Ruwa Na Tafe, Ina Lissafin Ƙaramar Hukuma?

Jama'a barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a shirinmu na wannan mako daga nan cikin garin Haɗeja. Kamar yadda muka saba, ga shirin a rubuce saboda waɗanda datarsu ba za ta kai su saurari murya ba. Mutanen Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kirikasamma, da 'yan'uwanmu da ke ci-rani a Legas da Fatakwal, duk ina gaishe ku. Yaya damina? Yaya aka ji da tsadar taki?

Kafin komai, ta'aziyya. Cikin makonni kaɗan Arewa ta yi manyan rashe-rashe biyu. Ranar 28 ga Yunin 2025 Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata ya rasu, aka binne shi a Madina. Ranar 13 ga Yuli kuma tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a Landan, aka yi masa sutura a Daura ranar 15 ga wata. Allah ya jiƙansu, ya gafarta musu, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Na ga ana ta cece-ku-ce a Facebook kan mulkin Buhari, wasu na yabo wasu na suka. Wannan hisabi ne da za a daɗe ana yi, kuma kowa yana da hujjarsa, musamman wanda ya sha wahalar canjin kuɗi a farkon 2023. Ni dai abubuwa biyu zan ajiye da suka shafe mu kai tsaye. Shi ne ya sa hannu a gyaran kundin tsarin mulki na watan Mayun 2018 wanda ya rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Kuma shi ne ya zo Auyo a ƙarshen Janairun 2023 ya buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗeja, sama da hekta dubu biyar, wanda aka gyara da rancen Bankin Duniya. Ku riƙe waɗannan biyun, don duk za su dawo cikin hirarmu ta yau.

To, mu shiga magana. Yanzu muna tsakiyar Yuli. Duk wanda ya girma a wannan yanki ya san cewa damuwarmu ba yanzu take ba, daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba ne ido yake raina fata. Kuma baƙo yakan yi mamaki: sai a yi kwana uku ba a yi ruwa a Haɗeja ba, rana tana ƙwallewa, amma kogi yana ta cika. Dalili shi ne ruwan da ke cinye mu ba a kanmu yake sauka ba. Kogin Kano da kogin Challawa ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya biyo ta Wudil, ya ratsa Ringim, ya gangaro mana. A kan kogin Kano akwai dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, a kan na Challawa kuma akwai dam ɗin Challawa da aka kammala a 1992. In suka cika, rarar ruwan dole ta fita. Ga kuma ruwan da ke sauka a tsakani, wanda babu dam ɗin da ke tare shi. Duk nan yake nufowa, kafin ya wuce ya haɗu da kogin Jama'are wajen Gashuwa, su tafi Tafkin Chadi.

Wani ɗan'uwa daga Guri ya turo saƙo yana cewa, "Malam, kullum kuna cewa kachala, kachala. Ciyawa ce fa. Yaya za a yi ciyawa ta kawo ambaliya?" Tambaya ce mai kyau, bari in yi bayani yadda na fahimta.

Kafin a gina waɗannan dam-dam, kogin nan yana da lokacinsa. Da damina ya zo da ƙarfi, ya wanke hanyarsa, ya malale fadamu. Da rani kuma ya ja baya, wurare da yawa su bushe ƙurmus. Iyayenmu a kan wannan tsari suka gina rayuwarsu: a shuka shinkafa ruwa na zuwa, a yi su ruwa na ja, a yi noman rani a danshin da ya bari, sannan Fulani su sauko da shanu. Da aka gina dam, sai ruwan ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, saboda ana sakinsa don noman rani da ruwan shan Kano. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa, shi ne abin da kachala take so. Ta cika hanyoyin ruwa, ta rage masa gudu, yashi da laka suka dinga kwantawa a gindinta, hanyar ta cike. In ruwan damina ya zo bai samu hanyarsa ba, ai sai ya nemi wata, watau gonarka da gidanka. Shi ya sa za ka ga ɓangaren Marma da ke nufar Nguru ruwa ya yi masa yawa, wasu hanyoyin kuma irin su Burum Gana suna kukan ƙarancinsa. Kogi ɗaya, wani na nutsewa wani na neman na ban-ruwa. Ƙari a kan haka, cikin kachalar nan jan baki yake kwana yana hayayyafa, da safe ya tashi ya sauka a kan shinkafa da gero. Duk wanda ya taɓa tura yaransa gona tun asuba da gwangwani da igiya ya san abin da nake faɗa.

Ba mu manta 2018 ba, ba mu manta 2020 ba, balle 2022. A waccan shekara gwamnatin tarayya da kanta ta ce sama da mutum 600 ne suka rasu a ambaliya a faɗin ƙasar nan, sama da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Mun ga makarantun firamare sun koma sansani. Mun ga matasan garin nan suna kwana a bakin jinga da fitilar waya, suna cika buhu da ƙasa. A watan Satumban 2024 kuma muka ga abin da dam ɗin Alau ya yi wa Maiduguri, a ƙarshen Mayun 2025 muka ga Mokwa. Wanda duk ya ce bai ji gargaɗi ba, to bai so ji ba ne.

Yanzu tambayar da nake so mu tsaya a kanta: aikin wa ne? Domin abin da ke faruwa duk shekara shi ne, in ruwa ya ci gari sai kowa ya nuna wani da yatsa. Bari mu rarrabe. Dam-dam ɗin da babban kogin suna hannun gwamnatin tarayya, ta Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano. Hasashen ruwa da na ambaliya aikin NiMet ne da NiHSA, kuma duk shekara suna fitar da rahoto tun kafin damina. Manyan jinga, yashe hanyoyin ruwa da agajin gaggawa, nan jiha take shigowa da ma'aikatar muhalli da SEMA. Amma lambatun unguwarku da ya toshe, kwalbatin da ya rufta a hanyar ƙauyenku, juji da ya tare hanyar ruwa a bayan kasuwa, waɗannan kundin tsarin mulki ya lissafa su ƙarara a jadawali na huɗu cikin ayyukan ƙaramar hukuma: tituna, magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota, kwashe shara. Ba alfarma ciyaman zai yi maka ba in ya gyara su.

Wannan ya kawo mu ga labarin shari'a na wannan mako. Ranar 11 ga Yulin 2025 aka cika shekara guda cif da hukuncin Kotun Ƙoli kan 'yancin ƙananan hukumomi. Don tunatarwa, Babban Lauyan Tarayya Lateef Fagbemi ne ya kai jihohi 36 ƙara. Alƙalai bakwai suka zauna, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta babban hukuncin. Kotu ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga Asusun Tarayya, gwamnoni su daina riƙe musu kuɗi da sunan asusun haɗin gwiwa. Ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi, kuma ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba, kada a ba ta kuɗin.

Ranar da aka yi hukuncin nan, wallahi kamar an yi sallah a Facebook. To bayan shekara guda, me ya canza? Abu ɗaya da ya faru da sauri shi ne zaɓe. Jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓen ƙananan hukumomi don kada a riƙe musu kuɗi. Mu a Jigawa an yi namu a watan Oktoban 2024, kuma APC ce ta lashe kujerun ciyamomi 27 gaba ɗaya. Kada wani ya ce ina sukar jam'iyya ɗaya: a Kano NNPP ce ta kwashe duka 44, a yawancin jihohin PDP ma haka abin yake. Kusan duk inda hukumar zaɓen jiha ta shirya zaɓe, jam'iyyar gwamna ce ke cinyewa. Amma batun biyan kuɗi kai tsaye, wanda shi ne zuciyar hukuncin, har yanzu tafiyar hawainiya yake yi. An yi ta maganar buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya, an yi ta maganar sharuɗɗa, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi NULGE tana ta kuka. Kotun da babu wata sama da ita ta yi magana, amma aiwatarwa ta koma hannun 'yan siyasa.

A nan Jigawa ana yawan cewa mu namu da sauƙi, ƙananan hukumominmu suna ganin kuɗinsu fiye da na wasu jihohi. Madalla in haka ne. Amma ku lura da abin da wannan magana take nufi. In har kuɗin yana isowa, to uzurin "ai gwamna ne ya riƙe" ya faɗi. Tambaya ta dawo gida, kan teburin ciyaman da kansiloli.

Nawa ne kuɗin? Tsarin rabon da ake amfani da shi yanzu ya ba tarayya kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi kashi 20.60. A harajin VAT kuma ƙananan hukumomi suna da kashi 35. Kuma a cikin wancan kashi 20.60 akwai ɗan wani yanki, kashi 0.60, da aka ware da sunan kula da muhalli, watau irin su zaizayar ƙasa da ambaliya. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira, adadin nairorin da ake rabawa duk wata ya ƙaru sosai. Kai da ka sayi litar fetur ƙasa da naira 200 a farkon 2023, ka zo ka saye ta sama da naira dubu a ƙarshen 2024 don ka tayar da injin ban-ruwa, daga aljihunka wannan ƙarin ya fito. Don haka in ka tambayi inda ya tafi, ba rashin kunya ka yi ba. Kuma ba a ɓoye alƙaluman suke ba: ofishin Babban Akanta na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu, wata bayan wata. Da wayar da kake kallon TikTok za ka iya sauke su.

Sai dai in yi adalci, don kada gobe wani ya ɗauko adadin ya hau Facebook yana cewa an sace miliyan kaza. Kuɗin da ka gani a takarda ba shi ne ke zaune a hannun ciyaman ba. Daga ciki ake biyan albashin malaman firamare, da ma'aikatan lafiya na matakin farko, da ma'aikatan sakatariya, da fansho, da kason masarauta, ga kuma ayyukan haɗin gwiwa da jiha. Abin da ya rage bayan wannan shi ne na aiki. Dattawan malamai za su gaya maka akwai lokacin da albashinsu ya koma hannun ƙananan hukumomi kacokan a farkon shekarun 1990, suka yi watanni ba a biya su ba. Shi ya sa ƙungiyar malamai take ɗari-ɗari da wannan 'yanci. Ni ina goyon bayan hukuncin kotu ɗari bisa ɗari, amma 'yancin kuɗi ba tare da sa ido ba, sauya wa matsalar mazauni ne kawai, daga Dutse zuwa sakatariya.

To yaya za a sa idon? Nan labari na biyu na shari'a ya shigo, wanda bai samu yayatawa kamar na farko ba, alhali a wurina ya fi shi amfani ga talaka. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011. Shekara da shekaru jihohi da dama suna cewa wannan doka ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, inda wasu suka nemi bayanan kuɗin hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar aka hana su. Kotu ta ce dokar ta hau kan kowane mataki na gwamnati.

Ga abin da dokar ta ba ka. Kana iya rubuta wa kowace hukumar gwamnati takarda ka nemi bayani, kuma ba dole ne ka faɗi dalilin da ya sa kake nema ba. Suna da kwana bakwai su ba ka amsa, a wasu yanayi su ƙara wasu bakwai. In sun ƙi, dole su gaya maka dalili a rubuce. In sun yi shiru, doka ta ɗauke shi a matsayin ƙi, kuma kana da kwana 30 ka garzaya kotu. In kotu ta samu an hana ka ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira dubu 500. Wanda bai iya rubutu ba ma, dokar ta yarda wani ya nema a madadinsa.

Saboda haka ga shawarata ga ƙungiyoyin matasa na unguwanni da na ƙauyuka, da ɗalibanmu na Binyaminu Usman da na jami'ar Kafin Hausa. Ku zauna ku rubuta takarda ɗaya, shafi guda, cikin ladabi. Kada ku tambayi komai da komai, don wanda ya tambayi komai ba ya samun komai. Ku nemi kwafin kasafin kuɗin ƙaramar hukumarku na 2025. Ku tambayi nawa aka ware wa magudanan ruwa da rigakafin ambaliya, nawa aka fitar zuwa ƙarshen Yuni, a waɗanne wurare aka yi aikin. Ku tambayi wane wuri aka tanada da za a kai mutane in ruwa ya tashe su. Ku yi kwafi biyu, ku kai ofishin sakatare, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku. Wannan hatimin shi ne makaminku. Sannan ku kai wa kansilan mazaɓarku kwafi, ku kai wa dagaci ko bulama, don kada a ce yara sun yi gaban kansu.

Na san abin da wasu za su ce: "Kai Malam, a Najeriya? Ai kwandon shara za a jefa." Zai yiwu. Mun taɓa kai irin wannan takarda wani ofishi, wanda ya karɓa ya dube mu sama da ƙasa ya ce wa ya aiko mu. Muka ce babu. Ya ce to ɗan wace jam'iyya ne shugabanku. Haka tunanin yake, duk mai tambaya ɗan adawa ne. Amma takarda ɗaya ce ake jefarwa. In ta zo daga mazaɓu goma, kowacce da sa hannun mutum ashirin har da limami da shugaban manoma, ba ta jefuwa. Kuma jihar nan tana alfahari da cewa tana cikin na gaba-gaba wajen wallafa kasafin kuɗinta, har gwamna Umar Namadi yana zagaya ƙananan hukumomi da shirin Gwamnati da Jama'a yana sauraron mutane. To mu riƙe su da maganarsu. In ayarin ya zo garinku, kada a ɓata damar da kirari da roƙon babur. A tashi da takarda a hannu a yi tambaya mai lamba.

Gargaɗi ɗaya, don ina ganin abin da ƙannenmu ke rubutawa. Ku bambance tambaya da zargi. "Nawa aka kashe a kwalbatin hanyar garinmu?" tambaya ce. "Wane ɓarawo ne" zargi ne, kuma in ba ka da hujja kai za ka kwana a ciki. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet, duk da gyaran da aka yi masa a 2024, har yanzu ana kama mutane da shi, ga kuma dokokin ɓata suna. Kun tuna ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka ɗauke a ƙarshen 2022 saboda rubutu ɗaya a Twitter, sai da ƙasa ta ɗauki zafi aka janye ƙarar. Kun tuna yaran da aka gurfanar a Abuja ranar 1 ga Nuwamban 2024 kan zanga-zangar watan Agusta, suna faɗuwa a gaban alƙali saboda yunwa, kafin a ba da umarnin sakinsu. Ba ina cewa ku ji tsoro ba ne. Ina cewa ku sa hoton takarda, ku sa hoton kwalbatin, ku sa kwanan wata, ku bar mutane su yi hukunci da kansu. Zagi yana ba wanda ake tambaya hanyar gudu, sai a bar maganar kuɗi a koma maganar tarbiyyarka.

Bari mu ɗan leƙa siyasar sama, don na san ita ce ke cin majalisun shayi. Ganduje ya ajiye shugabancin APC a ƙarshen Yunin 2025. A farkon Yulin 2025 su Atiku, Peter Obi, El-Rufai da Amaechi suka bayyana ADC a matsayin inuwar haɗakarsu, David Mark na riƙon shugabanci. Tun yanzu an fara lissafin 2027, wa zai sauya sheƙa, wa zai zauna. Ba laifi, siyasa ce, ni ma ina bi. Abin da ke ba ni takaici shi ne, za ka samu matashi ya san sunan duk wanda ya halarci taron Abuja, amma ka ce ya faɗi sunan kansilansa sai ya fara sosa ƙeya. Wanda ke Abuja ba zai zo ya duba jingar garinku ba. Kansila kuwa a unguwarku yake kwana, ruwan da zai ci gidanka zai ci nasa.

Sai maganar Jihar Haɗeja, wadda ta sake tasowa a 2025 lokacin da majalisa ta saurari ra'ayoyin jama'a kan gyaran kundin tsarin mulki. Wannan buri ne da ya girme ni, kuma na fahimci inda ya fito. Garin da Sarki Muhammadu ya yi shahada a 1906 yana kare shi daga Turawa ba ƙaramin gari ba ne, kuma tun da aka ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991 akwai masu ganin ba a yi wa wannan masarauta adalci ba. Amma mu gaya wa juna gaskiya game da sashe na 8. Sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a majalisar tarayya da ta jiha da ƙananan hukumomi sun sa hannu. Sai an yi ƙuri'ar raba gardama kashi biyu cikin uku na mutanen yankin sun amince. Sai mafi yawan jihohin ƙasar nan sun yarda ta majalisunsu. Sannan kashi biyu cikin uku na kowane zaure na majalisar tarayya. Tun Jihar Yamma ta Tsakiya a 1963, babu gwamnatin farar hula da ta taɓa ƙirƙiro jiha, duk sauran sojoji ne, na ƙarshe Abacha a 1996. Masu fafutuka su ci gaba, Allah ya ba da sa'a. Amma kada a ce mana sai an samu jiha za a yashe kogi. Ƙananan hukumomi takwas muke da su a hannu yau, kowacce da kasonta duk wata. Yadda muka riƙe su shi zai nuna yadda za mu riƙe jiha.

Kuma tunda doka ta buɗe ƙofa tun daga shekara 25, masu ganin za su iya su fara shiri tun yanzu, su shiga jam'iyya tun daga mazaɓa, su daina jiran a kira su ɗaukar kujeru ranar taro. INEC ta dawo da rajistar masu zaɓe a watan Agustan 2025. Wanda ya cika 18, wanda katinsa ya ɓata, wanda ruwan 2022 ya tafi da nasa, ga dama.

Kafin mu rufe, 'yan abubuwan yau da kullum. Iyaye, don Allah a kula da yara da kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, duk damina sai mun yi jana'izar da bai kamata a yi ba. Masu fito, kwale-kwalen mutum goma kada a loda masa ashirin da buhunan taki saboda ranar kasuwa ce, kuma a daina fito bayan magariba. Masu gidan ƙasa, a duba gindin katanga da indararo tun yanzu. Takardun makaranta, na gona, katin ɗan ƙasa, a sa su a leda a rataye sama. Waɗanda ke da hatsi a rumbu a wuri mai kwari, a fara tunanin inda za a kai shi. Masu kifi a kasuwa kuma ku yi mana sassauci, banda ta yi tsada har ana auna ta da ido. Sannan hanya tana da santsi, manyan motoci na faɗuwa. In tankar mai ta faɗi, a guje ta. Majiya tana nan kan hanyarmu ta zuwa Kano, daren 15 ga Oktoban 2024 sama da mutum 150 suka tafi, wasu gidajen har yau ba su dawo daidai ba. Babu galan ɗin fetur da ya kai ran mutum.

Aikin gayya kuma kada a fasa. Asabar ɗin nan kowace unguwa ta fito da shebur da baro a yashe lambatu. Wani zai ce yanzu ka gama cewa aikin ƙaramar hukuma ne. Haka ne, aikinta ne, kuma za mu tambaye ta. Amma ruwa ba ya jiran amsar takarda. Mu yashe da hannunmu, mu ɗauki hoto kafin da bayan aiki, mu haɗa da takardar mu kai. Wanda ya fito gayya bakinsa ya fi kaifi wajen tambaya.

Duk ƙungiyar da ta kai takardarta, ta turo mana hoton kwafin mai hatimi ta akwatin saƙon wannan shafi, a rufe lambobin waya da sunayen mutane. Bayan mako biyu za mu karanto waɗanda aka amsa da waɗanda aka yi wa shiru, kuma duk ciyaman ɗin da ya amsa za mu yaba masa da sunansa a wannan shiri. Wanda ke son samfurin takardar ya yi magana a ƙasa, za mu saka shi gobe in Allah ya kai mu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga ambaliya, ya jiƙan magabatanmu. A tura wa wanda bai gani ba. Sai mako mai zuwa in muna da rai. Wassalamu alaikum.